Awartakin da Ke Leƙa Lungu

A gidanmu da ke unguwar Zongo a Paraku, rabon sana'a bai zo da gardama ba. Ni aka tura makaranta har na zama malami. Autanmu kuwa, yana da shekara 15 mahaifinmu ya kama hannunsa ya kai shi Jugu, ya damƙa shi ga wani tsohon bakanike amininsa, wanda dukanmu muke kira Baba. Shekara 6 yaron ya yi a ƙarƙashin motocin mutane. Ya fara da wankin ƙarafa da miƙa sifana, har ya kai ana barinsa shi kaɗai ya sauke inji ya mayar. Kafin ya kammala, Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, nauyin gida ya dawo kaina.

A ƙasar Benin, idan yaro ya gama koyon sana'a, akan yi masa bikin sallama, wanda masu Faransanci ke kira liberasiyo, mu kuwa a gida yaye muke cewa. Ranar yaye dangi kan kawo gudummawar kayan aiki, domin wanda aka sallama hannu biyu bai rabu da bauta ba, gidan bautar kawai ya sauya. Ni ne babba, don haka ni aka zuba wa ido. Wannan rubutu labarin abu guda ne daga cikin kayan da na saya masa, da yadda na sha wuya kafin na san abin da nake saya.

Tsakanin Paraku da Jugu tafiyar kimanin kilomita 135 ce, kuma hanyar ta girmi mota da ƙarnoni. Ta wannan yanki ayarin fatake ke bi daga Kano da Katsina, su ratsa ƙasar Bargu, su yada zango a Jugu, sannan su nufi Salaga a ƙasar Gwanja don sayo goro. Wanda ke son tarihin wannan fatauci ya nemi littafin Paul Lovejoy a kan ayarin goro, wanda aka buga a Zariya a 1980. Daga wannan zirga-zirga ce kakanninmu suka zauna a nan, muka tashi da Hausa a gida, Dandanci a kasuwa, Faransanci a makaranta. Da layin dogo ya iso Paraku daga Kwatano a 1936, nan ya tsaya bai ƙara gaba ba. Sai garin ya zama wurin da ake sauke kaya daga jirgi a ɗora wa manyan motoci, su nufi Malanbil da Gaya da Yamai. Inda mota ta yi yawa kuwa, makanikai ba sa kaɗan. Jakin bafatake ya zama tirela, maƙerin zango ya zama bakanike.

A kan wannan hanya ce abin ya same ni, cikin watan Afrilu, lokacin da zafin bazara ke kan ganiyarsa. Na ɗauko Inna a tsohuwar motata, irin waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwan Kwatano bayan sun gama yayinsu a Turai, za mu Jugu wajen sunan jikar ƙanwarta. Mako guda kafin tafiyar na kai motar wani gareji a Paraku aka sauya mini tiyon ruwa na ƙasa, wanda ya fara kumbura. Na tsaya ina kallon yaron da ya yi aikin yana fama. Ya cusa hannu har kafaɗa tsakanin inji da lagireto, yana riƙe da filaya, yana cizon leɓe. Sau uku filayar na kuɓuce masa. A na huɗu ya zaro hannu ya ce an gama. Na biya na tafi.

Mun haye gadar kogin Weme a Beteru, mun ɗan taɓa tafiya, sai na ga allurar zafi ta fara hawa. A nan na yi kuskuren da ba zan ɗora wa kowa ba. Maimakon in tsaya, sai na ce bari in lallaɓa zuwa ƙauye na gaba, saboda tsohuwa ce a mota kuma rana ta take. Ban yi kilomita 3 ba farin tururi ya turnuƙe gaban motar, injin ya yi tari ya mutu. Na shimfiɗa wa Inna ɗankwali a gindin wata kaɗanya, na kira Auta a waya. Bayan kusan awa biyu ya iso a kan babur, da jarkar ruwa da buhun kayan aiki a bayansa.

Ya jira inji ya huce, ya kwanta ya leƙa, ya ce, "Yaya, zo ka gani." Tiyon sabo fil, ko ƙwarzane babu. Zoben ƙarfen da ke ɗaure shi ne bai zauna a mazauninsa ba. An bar shi a karkace, rabi a kan wuyan bututu, rabi a waje. Da zafi da matsi suka haɗu, tiyon ya zame, ruwan ya tsiyaye a kan kwalta. Auta ya cusa hannu don ya mayar da zoben da filayar da ya zo da ita. Ina tsaye na ji ƙarar ƙarfe ya tsalle, ya zaro hannu jini na zuba daga bayan yatsunsa. Inna ta yi salati ta ce, "Auta, bar motar nan, hannunka ya fi ta." Ya ɗaure da tsumma ya koma. Ya samu ya mayar, amma aikin gama ya gama: gaskit ɗin kan inji ya ƙone. Janyo motar aka yi zuwa Jugu, gyaranta ya cinye mini abin da na tara na wata huɗu. Suna kuwa sai bayan an watse muka isa.

Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido. Tun daga ranar na ɗora wa kaina sanin wannan zobe, kamar yadda nake ɗora wa ɗalibaina sanin kalmar da ta kayar da su a jarrabawa.

Abin da na fara lura da shi sunaye ne. A garejin Jugu, abu guda yana iya amsa suna uku. Robar da ruwa ke bi wasu na ce mata tiyo, kalmar da Hausa ta ara daga Faransanci tun tuni, baƙi daga Nijeriya kan ce mesa, saboda kamarta da macijiyar, masu ji da boko kuma su ce durit. Zoben da ke ɗaure ta, mutanen nan kolye suke cewa, na Kano su ce kilif. Abin kamawa kuwa filaya ne a bakin mutumin Nijeriya, pens a bakin na Benin da Nijar, alhali Hausa na da nata tun kafin zuwan Turawa: awartaki na maƙeri, da hantsaki, da matsefata ta cirar ƙaya. Kowace kalma tana nuna hanyar da kayan suka biyo kafin su iso hannunmu.

Zoben kansa iri biyu ne suka fi yawa. Na farko shi ne mai noti, wanda ake ɗaurewa da sukudireba. Wani hafsan sojan ruwan Ingila, Lumley Robinson, ya yi rajistar irinsa a 1921 da sunan Jubilee, kuma har yau shi ne kowane mai shago ke miƙo maka. Na biyu ba shi da noti ko kaɗan. Faffaɗan ƙarfe ne mai tauri da aka naɗe, bakinsa ɗaya ya ratsa ta cikin ɗayan, kowane baki ya ƙare da ɗan kunne a miƙe. Idan ka matse kunnuwan biyu suka kusanci juna, zoben ya buɗe. Idan ka saki, ya koma ya shaƙe tiyon da ƙarfin kansa. Irin wannan ne kamfanoni da yawa ke sakawa a hanyoyin ruwan inji tun daga masana'anta.

Na tambayi Auta dalilin da ya sa ba za a zubar da wannan mai taurin kai a sa mai noti kowa ya huta ba. Amsarsa ta fi ta littafi. Ya ce ruwan inji yana aiki ne a kusan digiri 90, kuma murfin lagireto na riƙe matsi, shi ya sa ruwan ba ya tafasa sai ya kusa digiri 120. Da dare kuma, musamman cikin hunturu, komai ya huce ya takure. Roba na kumbura tana motsewa kullum, da daɗewa kuma ta kwanta a ƙarƙashin abin da ya ɗaure ta. Zobe mai noti inda ka bar shi nan yake tsayawa, don haka bayan watanni sai ka ga ruwa na ɗiga da sanyin safiya. Zobe mai kunnuwa kuwa bin robar yake yi, ta kumbura ya ba ta hanya, ta motse ya bi ta ya riƙe. Bugu da ƙari, wuyan lagireton motocin yanzu na roba ce mai tauri, kuma mai noti in an ƙara masa juyi ɗaya fiye da kima sai ya tsaga wuyan. Ashe zoben ba shi da laifi. Laifinsa guda: masu ƙera mota suna saka shi ne tun inji na waje, kunnuwansa su fuskanci inda suka ga dama, sannan a zura injin cikin mota a rufe shi da wayoyi da bututu. Bakanike a Jugu shi zai nemo su a lungun da ido ba ya gani, hannu kuma ba ya juyawa.

Maganin wannan lungu Auta ya nuna mini a wayarsa, cikin wani ɗan bidiyo da ya adana ya fi shekara yana kallo. Filaya ce, amma bakinta ba a jikin hannunta yake ba. Tsakanin mariƙi da baki akwai waya mai lanƙwasa, tsawonta kimanin santimita 60, irin wadda ke jan burkin keke ko kulocin babur: igiyar ƙarfe a ciki, kube a waje. Wannan dabara ta igiya cikin kube tsohuwa ce, tun ƙarshen ƙarni na 19 ake amfani da ita a kekuna, ana kuma kiranta da sunan Bowden. A ƙarshen wayar akwai ɗan kai mai haƙora biyu, ɗaya a kafe, ɗaya mai zamiya. Sai ka zura kan cikin lungu, ka maƙala haƙoran a kunnuwan zobe, ka dawo sarari ka matse mariƙi. Igiyar ta ja haƙori mai zamiya, kunnuwa su haɗu, zobe ya buɗe. A jikin mariƙin akwai makulli mai tsani da ke riƙe matsin, don haka kana iya ajiye filayar, hannuwanka biyu su samu damar zame zoben da murɗa tiyo.

Na ce masa, "Me ya hana ka faɗa mini tun tuni?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, nauyin da ke kanka ya isa." Ban ce komai ba, amma a raina na riga na sa ta a kan jerin kayan yaye.

Samunta bai zo da sauƙi ba. Na zaga shagunan kayan ƙarfe da ke kewayen kasuwar Arzeke, mafi yawansu ba su ma gane abin da nake kwatantawa ba. Daga baya na dace da wani dattijo mai sayar da kayan makanikai, wanda ke saro kaya daga Kwatano da Legas. Ya fito mini da iri uku. Ta farko sabuwa ce dal, mai jan mariƙi, tana cikin akwati tare da wasu filayoyi takwas, kuma kuɗin akwatin duka bai kai na sauran biyun kowace ita kaɗai ba. Ta biyu sabuwa ce ita ma, amma ita kaɗai a leda, ba ado. Ta uku tsohuwa ce da ta yi aiki a wani garejin Turai, fentinta ya goge, tana ɗauke da tambarin wani sanannen kamfani, ita ce kuma mafi tsada.

Zuciyata ta tafi ga akwatin. Na hango ranar yaye, a buɗe shi gaban jama'a, kaya tara suna ƙyalli, a ce malam ya yi ƙoƙari. Har na sa hannu a aljihu, sai na tuna yaron da ya ce mini an gama alhali ba a gama ba. Na ce wa dattijon zan dawo. Na kira Auta, na ce ranar Lahadi ya zo Paraku, ya taho da tsofaffin zobba na kowane girma da yake haɗuwa da su a aiki. Kyautar ta rasa armashin ba-zata, amma wanda zai riƙe abu shekara da shekaru shi ya kamata ya gwada shi.

Ya zo da zobba bakwai a cikin gwangwanin madara, da guntayen tiyo. Muka zauna a bencin shagon, dattijon ya ba mu wuri. Abin da na koya a wannan awa guda shi ne zan jera a nan, domin mai karatu da wata rana zai tsaya inda na tsaya.

Abu na farko baki. Kunnuwan zobba ba iri ɗaya ba ne: wani faffaɗa, wani siriri, wani mai ƙugiya. Haƙoran filaya dole su kasance da rami mai zurfin da kunne zai zauna ciki daram. Na akwatin raminsu bai da zurfi, kuma ƙarfen da laushi, har Auta ya ja masa layi da bakin wuƙa. Kunne in ya kuɓuce ana tsakar matsi, zoben kan yi tsalle da ƙarfin da zai fasa yatsa ko ya sami ido. A jikin ledar ta biyu an rubuta cewa tana kama zobe daga milimita 18 zuwa 54. Auta bai yarda da rubutu ba sai da ya gwada ƙarami da babba.

Na biyu nisan ja. Bai isa baki ya kama kunnuwa ba, sai ya iya haɗa su har zoben ya buɗe sosai ya haye ƙullin da ke bakin bututu. Wannan ƙulli shi ne ke hana tiyo zamewa, kuma a bayansa zobe ke zama. A nan na gane abin da ya faru da motata: yaron bai iya buɗe zoben yadda zai haye ƙullin ba, sai ya bar shi a kansa. Da muka gwada babban zobe da filayar akwati, mariƙin ya haɗe har ƙarshe amma zoben rabi ya buɗe. Kuben wayar ne ke motsewa yana shanye ƙarfin, igiyar kuma tana miƙewa.

Na uku ita kanta wayar. Ita ce ran kayan, ita ce kuma ke fara mutuwa. A duba kaurin igiyar, a duba inda ta shiga baki da inda ta fito daga mariƙi, domin nan take fara tsinkewa zare-zare. Tsohuwar ta Turai ƙarfenta ya fi na kowa kyau, makullinta kamar na bindiga, amma da Auta ya ja kubenta baya sai ga zare uku sun riga sun tsinke, kuma an danne kan igiyar ne da inji, ba ta kwantuwa sai da irin tata, wadda babu mai sayarwa a arewacin Benin. Ta biyun kuwa da ɗan noti aka riƙe igiyarta. Auta ya daɗe yana kallon wannan noti, ya murɗa shi da farce, ya yi murmushi bai ce komai ba.

Na huɗu makulli. A matse zobe mafi tauri, a saki mariƙi, a ajiye, a ga ko zai riƙe. Sannan a girgiza wayar kamar yadda za ta girgiza idan ana kokawa da tiyo. Na akwatin ya riƙe da farko, da aka girgiza sai ya zame da ƙara, zoben ya tashi ya bugi kwanon rufin shagon. Dattijon ya yi dariya ya ce shi ma yau ya ƙaru. Haka kuma a duba sakinsa: makulli nagari yana bari ka sassauta a hankali, zobe ya sauka inda kake so, ba ya fizge ba.

Na biyar hannu. Mariƙi gajere yana buƙatar ƙarfin hannu biyu, alhali ɗayan hannun na can cikin lungu yana riƙe da baki. In ba za ta matsu da hannu ɗaya ba, amfaninta ya ragu da rabi. Roba mai santsi a mariƙi kuma abokiyar gaba ce ga hannun da ya jiƙe da baƙin mai.

Muka ɗauki ta biyu. Kuɗinta ita kaɗai ya kai sefa 14,000, abin da ya tilasta mini rage wasu kayan daga jerin. Araha ba ta ado, amma na koyi cewa tsada ma ba kullum take ado ba. Abin tambaya shi ne: in ya lalace a Jugu, zai gyaru a Jugu?

Saura Baba. Auta ya ji nauyin nuna masa, domin kawo sabon kayan aiki gaban maigida tamkar cewa ne nasa sun gaza. Ni na kai masa da kaina, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ga abin da na saya wa ɗanka, na ce sai ka sa albarka." Ya juya ta a hannu, ya lanƙwasa wayar, ya ce, "Malam, shekara 40 ina kwance tiyo, ban taɓa neman awartaki mai wutsiya ba." Ya miƙo hannuwansa ya nuna mini bayansu. Tabo a kan tabo, kamar taswirar hanyoyi. Ya ce, "Waɗannan su ne kayan aikina." Na rasa amsa, domin gaskiya ya faɗa, kuma ba ni da tabo ko ɗaya da zan nuna.

Amma Baba ba mai gardamar banza ba ne. Ya ce a zamanin Fijo 404 da 504, in ka buɗe gaban mota har ƙasa kake hangowa, yaro ma na iya shiga ya tsuguna kusa da inji. Motocin yanzu kuwa an cusa komai kamar kayan amarya a ɗaki ɗaya. Ya nuna wata mota da ke jiran a sauya mata tiyon da ke shiga bayan inji, kusa da bangon da ya raba inji da mazaunin direba. Ya ce aikin kan ci rabin yini, saboda sai an kwance akwatin iska da wasu bututu kafin hannu ya kai. Ya ce wa Auta, "Bismilla, mu gani."

Auta ya haska tocila, ya zura kan filayar ta ƙarƙashin wayoyi, ya lalubi kunnuwan da yatsa ɗaya. Karon farko haƙori ɗaya ne ya kama, ya sake. Karo na biyu suka zauna. Ya miƙe tsaye, ya matse mariƙi, muka ji makulli na ƙirga tsaninsa. Ya ajiye filayar a kan inji, ya sa hannu biyu ya zame zoben baya, ya murɗe tiyon ya fito da shi. Ba a kwance komai ba, ba a zubar da jini ba. Yaran gareji suka yi tsit suna jiran hukuncin Baba. Ya karɓi filayar ya sake dubawa, sannan ya ce, "Tana da amfani a inda take da amfani." Ya ƙara da gargaɗi uku da ban manta ba: kada a taɓa zobe inji na da zafi, kada a sa ta a zoben da hannu ke kaiwa, domin filaya miƙaƙƙiya ta fi sauri kuma ba ta da wayar da za ta gaji, kada kuma a tilasta mata manyan zobban tirela, ba don su aka yi ta ba. Daga nan ya ce wa yaran su riƙa ce mata mai wutsiya, sunan kuwa ya bi ta.

An yi yaye bayan sallar layya. Kayan da na kawo ba su cika tabarma ba, na kuma ji wata gwaggonmu tana raɗa cewa ta zaci malamin makaranta zai fi haka. Abin ya sosa mini rai, ba zan ɓoye ba. Auta ya kafa rumfarsa a gefen hanyar da ta fita daga Jugu zuwa Natitingu, da kwano huɗu da benci ɗaya.

Bayan wata tara ya kira ni da dare. Ya ce igiyar mai wutsiya ta tsinke yana tsakar aiki a motar wani ɗan kasuwa da ke sauri zuwa Kara, a Togo. Gabana ya faɗi, na fara lissafin sefa 14,000. Sai na ji yana dariya. Ya ce ya tsallaka titi wurin mai gyaran babura, ya sayi igiyar kuloci, ya kwance ɗan notin nan, ya zura ta cikin kube, ya yanke daidai, ya ɗaure. Ɗan kasuwar bai ma san an yi wani abu ba. Ya ce, "Yaya, tun ranar da muke shago na ga notin, na san ita ce tamu."

Ya kuma gaya mini cewa Baba yakan aiko yaro lokaci-lokaci, idan wata mota ta zo da zobe a lungu. Yaron ba ya cewa maigida na aron kaya, domin maigida ba ya aro wurin yaronsa. Cewa yake yi, "Baba ya ce a gaishe ka, ya ce kuma mai wutsiya ta zo ta gaishe shi." Auta kan naɗe ta a tsumma ya bayar, da yamma a dawo da ita an goge ta, an ɗiga mata mai a igiya.

Har yanzu ina bin hanyar Jugu da tsohuwar motata. Duk lokacin da na haye gadar Beteru idona kan sauka kan allurar zafi, in kuma na hango kaɗanyar nan sai in rage gudu. Inna ta daina yarda in kai motar wurin kowa sai Auta. In ya zo gida gaishe ta, kafin ya zauna takan ce ya miƙo hannuwansa, ta juya bayansu ta duba. Tabon ranar nan yana nan a kan yatsu uku. Ya zuwa yau dai, bai samu na biyu ba.